Wutar Gida Da Wutar Waje: Makomar Kayan Girkin Amarya A Ƙasar Wani

Gabatarwa

Sanin kowa ne cewa a ƙasar Hausa ɗawainiyar kayan ɗaki a wuyan iyayen amarya take, kuma babu abin da ke hana uwa barci kamar tunanin ranar jere. A da, kayan girkin da ake kai wa yarinya ba su wuce tukwane da ƙore da akussa da turmi da taɓarya da faifai da rariya da muciya ba, daga baya aka ƙara kwanonin sha da samiru da rishon kananzir. A yau kuwa, ko a garuruwa irin su Wurno da Rabah da Goronyo, jeren mai hali ba ya cika sai an ga firiji da injin markaɗe da butar lantarki da murhun gas. Manomin fadamar Rima yakan sayar da albasarsa da tafarnuwarsa da shinkafarsa na shekara guda don ya fitar da 'yarsa kunya.

To, sau da yawa mijin da aka ba ba mazaunin gida ba ne. Wani ɗan kasuwa ne a Maraɗi ko Kumasi, wani ɗalibi ne a Madina ko Alƙahira ko Maleshiya, wani kuma likita ne ko malami a Ingila ko Amurka. Daga nan sai tambaya ta taso: shin waɗannan kayan da aka sha wahala aka saya za su yi aiki idan an ƙetare da su? Ra'ayin wannan maƙala shi ne, kada a sayi kayan lantarki ko ɗaya don amarya mai barin ƙasa sai an san irin wutar inda za ta, kuma manyan kaya irin su firiji da murhun gas a bar su sai an isa a saya a can da sunanta. Ga dalilan da suka sa aka faɗi haka.

Ƙaura Ba Baƙuwa Ba Ce

Mutanen wannan yanki ba yau suka fara tafiya ba. Wurno kanta ribaɗi ce da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa, a can ya rasu a 1837, a can kuma kabarinsa yake. Bayan da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi hijira gabas har aka kashe shi a Burmi cikin wannan shekara, sa'an nan ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'ar da ta rage har ƙasar Sudan, inda suka kafa garin da ake kira Mai Wurno a bakin kogin Nilu kusa da Sinnar. Haka kuma fatake da alhazan ƙasa sun yi ta ratsa wannan hanya shekaru aru-aru.

Abin lura a nan shi ne, matan waɗancan matafiya ba su taɓa tambayar ko tukunyarsu za ta yi aiki a Sudan ba. Tukunyar ƙasa ba ta bukatar kome sai duwatsu uku da itace da ruwa, kuma wutar itace ɗaya ce daga Rabah har Makka. Ko a wannan zamani an ga haka cikin yanayi mai ban tausayi, domin tun daga 2019 dubban mutanen gabashin Sakkwato da Zamfara da Katsina sun tsallaka jihar Maraɗi gudun 'yan bindiga, kuma wanda ya fita da tukunya da ludayi ya iya ɗora girki a duk gindin itacen da ya sauka. Kayan zamani ba haka suke ba. Rabin aikinsu yana cikin bango ne, watau cikin wayar da gwamnatin wata ƙasa ta shimfiɗa bisa ƙa'idarta, kuma bango ba ya shiga akwati.

A nan ne harshe ya ɗan yi wa mutane rufa-ido. Da lantarki ya zo, Bahaushe bai ƙirƙiro masa sabon suna na yau da kullum ba, sai ya ara masa sunan wuta: an kawo wuta, an ɗauke wuta, kuɗin wuta. Aron ya yi kyau, amma ya zo da wata fahimta a ɓoye, cewa yadda wutar murhu take ɗaya a ko'ina, haka ma ta waya. Alhali kuwa wutar waya ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa ta fuskoki uku.

Abubuwa Uku Da Suka Raba Wuta Da Wuta

Na farko shi ne ƙarfin turawar wutar, wanda ake aunawa da bolt, ana kuma rubuta shi da harafin V a jikin kaya. Wutar gidajen Nijeriya bolt 230 ce, haka ta Ghana da Ingila da Sudan da Indiya. Ta Nijar da Masar 220 ce, kuma wannan ɗan bambanci ba ya hana kaya aiki. Amma ta Amurka da Kanada 120 ce, ta Japan kuwa 100. Idan ƙarfin ya ragu da rabi, zafin da abin dafa ruwa ke bayarwa ba da rabi yake raguwa ba, yana komawa wajen kashi ɗaya ne cikin huɗu. Alal misali, butar da aka yi wa wutar Nijeriya mai cin wat 2000, idan aka jona ta a Amurka ba za ta ba da fiye da wat 550 ba, ruwan da take tafasawa cikin minti huɗu sai ya kai wajen minti goma sha biyar. Injin markaɗe kuwa sai ya yi ta gurnani ya kāsa juya tattasai. Idan aka juya al'amarin, watau aka kawo kayan Amurka aka jona a Goronyo, to zafin ninkuwa zai yi kusan sau huɗu, nan take a ji ƙauri. Masu gyaran lantarki a Sakkwato sun san wannan ciwo sarai daga kayan gwanjo da tsarabar 'yan'uwa.

Na biyu shi ne bugun wutar. Wutar da ke zuwa gidaje ba gudu take yi a miƙe kamar ruwan famfo ba, kai da komo take yi, kuma yawan zagayen da take yi a daƙiƙa ɗaya shi ne abin da ake rubutawa da Hz. A Nijeriya da Nijar da ƙasashen Turai sau 50 ne, a Amurka da Saudiyya sau 60. Kayan da aikinsu zafi ne kawai, kamar buta da dutsen guga da rishon lantarki, babu ruwansu da wannan. Amma injin da ke cikin firiji da fanka yana bin bugun wuta ne kamar yadda mai rawa ke bin ganga. Wanda aka yi wa bugu 50 idan ya sami 60 zai ƙara sauri da kashi ɗaya cikin biyar, wanda aka yi wa 60 kuma idan ya sami 50 sai ya rage gudu ya riƙa ɗaukar zafi. Ba lalle ya mutu ranar farko ba, amma kwanansa na raguwa.

Na uku shi ne bakin fulogi. Nijeriya ta gaji na Ingila mai ƙafa uku masu kusurwa, wanda aka fito da shi a 1947, kuma yana da fiyus a cikinsa. Ƙasashen da Faransa ta mallaka sun gaji mai ƙafa biyu zagayayyu. Amurka nata masu faɗi ne kamar bakin wuƙa. Wannan shi ne bambancin da ido ke gani, shi ne kuma mafi sauƙin magani, don haka shi ya fi yaudarar mutane. Wanda ya sayi adafta ya ga fulogi ya shiga sai ya ɗauka magana ta ƙare, alhali adafta siffar baki kawai take sauyawa, ba ta taɓa ƙarfin wuta ko bugunta ba. Bugu da ƙari, adafta mai araha takan bar ƙafa ta uku a banza, ita ce kuwa ke kai wutar da ta ɓalle zuwa ƙasa maimakon jikin mai taɓa firiji da jiƙaƙƙen hannu.

Ƙasa Da Ƙasa

Idan aka auna ƙasashen da mutanen wannan yanki suka fi zuwa da waɗannan ma'aunai uku, sai a ga sun kasu gida uku.

Kashi na farko su ne waɗanda kayan Nijeriya ke aiki a cikinsu. A Ghana da Ingila da Maleshiya ko fulogi ba sai an sauya ba. A Nijar da Masar da Faransa kuwa bakin fulogi ne kawai zai bambanta. Al'amarin Nijar ma akwai abin mamaki a cikinsa. Tun shekarun 1970 take sayen wuta daga Nijeriya ta layin Birnin Kebbi zuwa Yamai, daga baya aka ƙara layin Katsina mai ba Maraɗi da Damagaram. Kafin juyin mulkin Yuli 2023 kusan kashi 70 cikin ɗari na wutarta daga nan take zuwa, shi ya sa da aka yanke ta a watan Agusta na wannan shekara biranen ƙasar suka shiga duhu, har aka mayar a Maris 2024. Ke nan amaryar Goronyo da aka kai Maraɗi tana iya tarar da wutar ƙasarsu ce ta riga ta isa can, amma ramin bangon ya ƙi karɓar fuloginta, domin Ingila ta zana ɗaya, Faransa ta zana ɗayan. Gulbin Maraɗi yana gangarowa ya haɗu da Rima ba tare da neman izinin kowa ba, harshe ɗaya, tuwo ɗaya, amma iyakar da Turawa suka ja ta biyo mutane har cikin madafa. Maganinsa dai mai sauƙi ne: a sa mai gyara ya yanke fulogin ya sa irin na can mai hanyar ƙasa.

Kashi na biyu ita ce Saudiyya, wadda ke bukatar lura. A 2010 gwamnatin ƙasar ta yanke shawarar komawa bolt 230 a hankali, ta kuma ɗauki fulogi mai ƙafa uku irin na Nijeriya. Amma kafin wannan lokaci ana amfani da 127 da 220 ne tare, don haka wanda ya kama haya a tsohon gini ya kamata ya tambaya kafin ya jona kome. Daɗin daɗawa bugun wutarsu 60 ne. Saboda haka buta da dutsen guga za su yi aiki, amma firiji da fanka sai an duba an ga an rubuta 50/60 a jikinsu.

Kashi na uku su ne Amurka da Kanada, inda ma'aunai ukun duka suka saɓa. Akwai taransifoma mai ɗaga wuta daga 120 zuwa 230, gaskiya ne, amma wadda za ta ɗauki kayan girki masu cin wuta babba ce, mai nauyi, kuma kuɗinta kan zarce na sabuwar buta a can. Ba ta kuma sauya bugu. Har ila yau, soket ɗin ɗaki na yau da kullum a Amurka iyakarsa wajen wat 1800 ne, don haka buta mai 2000 ko da taransifoma sai ta tsinke wutar ɗakin. Kai kayan girkin lantarki can asarar kuɗin saye ce da ta dako gaba ɗaya.

Duk wannan bayani yana rubuce a wata 'yar takarda da ke manne a gindin kowane kaya ko bayansa. Wanda aka rubuta wa 100-240V da 50/60Hz, kamar cajar waya da ta kwamfuta, yana aiki a duk duniya. Wanda aka rubuta wa 220-240V da 50Hz kaɗai, kamar yawancin kayan girki, yana da iyaka.

Firiji Da Murhun Gas

Waɗannan biyu suna da nasu matsaloli dabam. Firiji ana yin sa ne bisa yanayin ƙasar da za a sayar da shi, ana kuma sa masa alama. Mai harafin N an yi shi don zafin da bai wuce digiri 32 ba, mai ST 38, mai T kuwa 43. Wanda ya san bazarar Sakkwato, lokacin da zafi ke haura 40, zai gane dalilin da ya sa tsohon firijin Turai ke ta aiki ba hutu amma ruwa ya ƙi sanyi. Ga kuma nauyi: jakar da yawancin jiragen sama ke ɗauka kilo 23 ce, firiji kuwa sai ta jirgin ruwa ko mota, da kuɗin kwastan, da haɗarin a kwantar da shi man injinsa ya bi bututu.

Tukunyar gas ba a shiga jirgi da ita ko kaɗan. Bakinta da abin da ke daidaita fitar iskar sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma a ƙasashe da yawa ba a cika wa mutum tasa, musanya ake yi da ta kamfani. A yawancin gidajen Ingila da biranen Amurka ma gas ta bututu yake zuwa, kuma irinsa dabam ne da na tukunya, sai an sauya wa murhu hancin da iskar ke fita. Wanda ya yi dabarar ɗaure tiyo da roba don ya haɗa abin da bai haɗu ba, ya sani da rayukan mutanen gidansa yake caca.

Hujjar Iyaye Mata

Ba daidai ba ne a yi watsi da hujjar masu ganin lalle a kai wa yarinya kayanta, domin hujja ce mai nauyi. Sukan ce kayan ɗaki mutunci ne, amaryar da ta shiga gidan miji hannu rabbana gori zai bi ta har tsufa, daga dangin miji ko daga kishiya. Sukan kuma ce kayan ɗaki dukiyar mace ce ta kanta, ko aure ya mutu da abinta za ta fita, amma kuɗi idan aka danƙa, gobe miji ya ce a ranta masa, shi ke nan an yi sallama da su. Wannan ba zargi ba ne na banza, hikima ce da aka tara daga abin da ido ya gani.

Sai dai a duba da kyau. Manufar al'adar ita ce yarinya ta sami abin amfani kuma ta mallaki abin kanta. Firijin da ya ƙone a mako na biyu, ko wanda aka bari a ɗakin uwa a Wurno yana tsatsa shekara biyar, bai cika ko ɗaya daga cikin biyun ba. Hanyar da ta fi ita ce a raba kuɗin gida biyu. Kashi ɗaya a ba wani amintacce daga dangin amarya ko mutanen garinsu mazauna can, ya saya mata abin da take bukata da zarar ta isa, a rubuta rasit da sunanta. Ɗaya kashin a mayar da shi abin da ba ya tambayar wuta, kamar zinariya ko tumaki ko 'yar gona a fadama, a gaban shaidu. Maganar gori kuwa, a sanar da dangin ango ranar kai amarya abin da aka tanada da adadinsa, kamar yadda ake nuna gara. Al'adar da ta karɓi firiji a madadin randa ba za ta kāsa karɓar wannan ba. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

Abin Da Ya Cancanci Shiga Akwati

Wani abin ban dariya shi ne, kayan da ake rainawa a bari a gida su ne ba a samu a waje. Buta da firiji suna cike da kantunan Jidda da Landan, amma ina za a sami muciya mai kauri da za ta tuƙa tuwon dawa, ko maburgi na kaɗa miyar kuka, ko tandar masa, ko madambaci, ko rariya mai laushi, ko ƙwarya da ludayin dama fura? Waɗannan ba su da nauyi, ba su da tsada, ba ruwansu da bolt. Tanda ta ƙarfe tana hawa murhun gas a kowace ƙasa. Ƙaramin turmi na dakan yaji yana yin abin da injin ba ya yi. Abin kiyayewa kawai shi ne dokar shiga da kaya, domin wasu ƙasashe suna binciken kayan itace da na tsiro, kuma Amurka ba ta yarda a shiga da nama irin kilishi daga nan ba. Wanda ya bayyana abin da ya ɗauko a bakin shiga ya huta da tara.

Kammalawa

A ƙarshe akwai aikin da ya rataya a wuyan ɗaliban Hausa da malamansu. Duk bayanin da zai tsare wa manomi kuɗin albasarsa yana nan a rubuce a gindin buta, amma da Turanci da alamomin da uwar amarya ba ta san su ba, mai shago kuma ba zai fassara mata abin da zai hana shi ciniki ba. Har yanzu kalma ɗaya ce, wuta, ke ɗauke da abubuwa uku mabambanta. Ya kamata sassan Hausa na jami'o'i su zauna da malaman injiniya su daidaita sunayen ƙarfin wuta da bugunta da cinta, sa'an nan a watsa su ta gidajen rediyo irin su Rima da makarantun Islamiyya na matan aure, inda maganar za ta isa ga masu sayen kayan. Kafin wannan ya samu, iyayen da ke shirin aurar da 'ya zuwa wata ƙasa su aika wa surukinsu tambayoyi uku tun kafin a sa rana: bolt nawa ce wutarku, bugunta nawa ne, kuma wane irin baki ne da soket ɗinku? Amsar ba za ta ci masa minti biyar ba, ita ce kuwa za ta nuna abin da za a saya a kasuwar Sakkwato da abin da za a bari sai an isa. Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.